Ƙarfen da Ya Rage a Kan Buhu

Khalilu yaro ne mai hannu. Duk wanda ya san shi a Bagwai ya yarda da haka, har waɗanda ba sa son ganinsa. In ka miƙa masa rediyo ko fitila mai caji da ta mutu, kafin ka gyara zama ya tayar maka da ita. Amma yana da wani hali da ya fi hannun nasa ƙarfi. Bai taɓa iya buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba. In ya fasa kofi, dama kofin a tsage yake. In ya makara, wani ne ya tare shi a hanya. Tun yana ƙarami haka yake, kuma da ya girma halin ya girma tare da shi.

Yana da shekara goma sha bakwai aka kama shi da abokansa biyu sun kwance batiran sola na rijiyar burtsatsen unguwarsu. Alƙali ya tura shi gidan gyaran hali, ya yi shekara ɗaya da rabi. Ya dawo a daidai lokacin da tsadar rayuwa ta matsa wa kowa. Man fetur ya gagari masu babura, taki ya gagari manoma, gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyarsa Hure ce ke riƙe da gidan, tana matsar man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli tana kaiwa kasuwa.

Malama Dokas ce ta je ta karɓo shi. Jami'ar walwalar jama'a ce, 'yar wani ƙauye da ke kusa da garin. Aikinta shi ne ta nema wa yaran da suka fito daga tsare, da waɗanda ake ganin sun kama hanyar shiga, wurin koyon sana'a. Aikin ba shi da sauƙi. Masu sana'a da yawa da zarar sun ji daga inda yaro ya fito, sai su ce rumfarsu ta cika.

Malam Ja'afaru ne ya ce ta kawo shi ya gani. Makaniken injinan ban-ruwa ne, ya haura shekara sittin, yana da rumfar kwano a bakin hanyar da ke gangarawa fadama. Ya dubi Khalilu daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai ne na batir?"

"An ce ni ne," in ji Khalilu.

"An ce? To, waɗanda suka ce ɗin sun ce ba ka yanke waya ko ɗaya ba, kwancewa ka yi a tsanake. Wanda ya iya kwancewa zai iya ɗaurawa. Gobe ƙarfe bakwai."

A ranar Malama Dokas ta raka shi har gida, ta zauna a kan tabarma ta yi musu bayani shi da mahaifiyarsa. Ta ce ƙungiyar manoman rani na fadama suna neman makanike nasu na kansu. Sabon inji ya fi ƙarfin manomi a wannan zamani, ɗauko tsohon inji zuwa gari gyara kuma yana cin mai da lokaci. Don haka sun yanke shawarar kafa rumfa a bakin fadama, su sayi kayan aiki, su damƙa wa mutum ɗaya. Sun yarda su ba yaron da ta kawo, amma da sharaɗi guda: bayan wata shida, ubangidan da ya koya masa ya miƙe a gabansu ya ce ya tsaya masa.

"Kalma ɗaya ce daga bakin Malam Ja'afaru," in ji ta. "In ya faɗe ta, ka samu aikin da za ka riƙe kanka ka riƙe Innarka. In bai faɗa ba, ni ba ni da wani wurin da zan kai ka."

Hure ta share ido da gefen mayafinta, ta ce, "Ka ji dai, Khalilu."

"Na ji, Inna. Wata shida ai kamar gobe ne."

Malam Ja'afaru yana da hanyarsa ta aiki, ba ya sauya ta saboda kowa. Kafin ya taɓa inji sai ya shimfiɗa farin buhun taki da aka farke a ƙasa. Duk abin da ya cire sai ya ajiye shi a kan buhun, a jere, daga hagu zuwa dama. In ya zo haɗawa, sai ya faro daga dama ya komo hagu. Ba a cewa an gama aiki sai an ɗaga buhun an kaɗe shi ba abin da ya faɗo. Kullum tambayarsa ta ƙarshe ita ce, "Buhu ya share?"

"Ni ban yi boko ba," ya gaya wa Khalilu a ranar farko. "Wannan buhun shi ne littafina. Ko noti ɗaya ya rage a kansa, a sake warware injin, ko da mai shi yana tsaye yana zagi. Waɗanda suka ƙera abin nan ba sa saka ƙarfe don ado."

Khalilu ya kama aiki da sauri. Cikin wata biyu ya iya wanke kafireto da saita bawul. A wata na huɗu ya fara buɗe cikin inji a gaban ubangidansa. 'Yan acaɓar da ke fakewa a inuwar rumfar suka laƙaba masa suna Injiniya, shi kuwa sunan ya yi masa daɗi ƙwarai. Sai dai halin nan yana nan. Wata rana ya matse wani noti har ya cinye masa zare, ya ce notin ne na jabu. Malam Ja'afaru ya dube shi, ya miƙo masa wani. Da Malama Dokas ta zo duba shi a ƙarshen wata, tsohon ya ja ta gefe ya ce, "Hannunsa ya wuce shekarunsa. Bakinsa ne har yanzu bai fara koyo ba."

Kowace Asabar Malama Dokas tana tara yaran da ke hannunta a wani aji na makarantar firamare. Ba sana'a take koya musu ba. Tana koya musu zuwa aiki a kan lokaci, da yadda ake tarbar mai kawo aiki, da yadda ake amsa faɗa ba a mayar ba. Wata Asabar ta rubuta jimla biyu a allo, ta ce su karanta da ƙarfi: "Oga, ban sani ba," da "Oga, na yi kuskure." Yaran suka yi ta rerawa kamar 'yan aji ɗaya suna dariya. Khalilu ya harɗe hannu ya ƙi karantawa.

"Khalilu, bakinka ciwo yake yi?"

"Malama, inda na fito, in manyan ɗaki suka tambayi wanda ya ɓarar da ruwa, wanda ya ce shi ne shi ake kwantarwa a zane. Wanda ya yi shiru ya ci tuwonsa lafiya."

"Can ka baro su. A wurin aiki, wanda ya faɗa da wuri shi ake riƙewa."

"To Malama, ranar da na yi kuskuren zan faɗa."

Ajin ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Allah ya sa ka iya a ranar," ta ci gaba da darasinta.

Saura mako uku wata shida ya cika, aka aiko wa Malam Ja'afaru cewa yayarsa ta rasu a Makoda. Ya bar wa Khalilu mukullin akwatin kayan aiki, ya ce sai an yi sadakar uku zai dawo. Lokacin zafi ya shigo sosai, kowane inji a fadama yana aiki daga safe har yamma.

Washegari da hantsi Baba Mati ya iso da injinsa a ɗaure a bayan babur. Dattijo ne mai ƙaramar gonar tumatir a ƙarshen fadama, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar manoman. Ya ce injin yana hayaƙi, yana shan baƙin mai, ba ya iya jan ruwa ya kai ƙarshen gona, ga tumatir ya fara fure.

Khalilu ya duba ya ga ringi ne suka cinye, wato zobban da ke jikin fistan ɗin injin. Ya kira ubangidansa a waya ya gaya masa. Malam Ja'afaru ya ce, "Ka yi shi sau huɗu a gabana. Akwai sabon fistan da ringinsa a cikin gwangwanin madara. Yi masa, tumatir ba ya jira. Amma ka bi buhu."

Ya shimfiɗa buhu ya fara. 'Yan acaɓa uku suka matso kallo.

"Yau Injiniya ne da gari," in ji ɗayansu. "Baba Mati, ka yi alwala kafin a tayar, ko tashi sama zai yi da kai."

"Ku rabu da shi ya yi aikinsa," in ji Baba Mati. "Ku da ko taya ba ku iya faci ba."

"Oga Ja'afaru awa uku yake yi a wannan aikin. Injiniya, nawa za ka yi?"

"Ku duba agogonku," in ji Khalilu.

Ya ƙara sauri. Hannunsa yana tafiya kamar ba ya taɓa ƙarfen. Iska tana ta naɗe gefen buhun, bai tsaya ya danne shi da dutse ba. Kafin awa biyu ya ɗaure noti na ƙarshe, ya zuba baƙin mai, ya tsoma tiyo a durom ɗin ruwa, ya ja igiya. Ja ɗaya injin ya tashi, ruwa ya yi tsiri har kan kwanon rumfa. 'Yan acaɓa suka yi ta tafi. Baba Mati ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ranar taron ƙungiya ni zan fara ɗaga hannu."

Suna ɗora injin a kan babur, Khalilu ya ɗaga buhun ya kaɗe. Wani ɗan ƙarfe ya faɗo daga inda iska ta naɗe, ya sauka kusa da ƙafarsa. Ɗan zoben waya ne, bai kai girman ƙwandala ba. Makanikai suna ce masa kilif. Akwai wata gajeriyar sandar ƙarfe da ke haɗa fistan da hannunsa, kuma kilif biyu ne ke tsare ta, ɗaya a kowane gefe. In babu ɗaya, inji zai tashi lafiya, zai yi aiki lafiya na ɗan lokaci. Amma sandar za ta riƙa zamewa a hankali har ta fara kartar silinda, wato ramin da fistan yake kai-kawo a ciki. Khalilu ya san wannan sarai.

Ya ɗora ƙafarsa a kai.

Abin da ya rage masa ba mai wuya ba ne. Ya ce a sauke injin, ya sake warware shi, ya mayar da kilif ɗin. Awa biyu ce kawai, sai kuma dariyar 'yan acaɓa. Ya dubi Baba Mati yana ɗaure igiya, ya dubi masu tafi, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Babur ya tashi ya gangara fadama. Da kowa ya watse, ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen ya jefa a aljihun wandonsa.

Bayan la'asar Malam Ja'afaru ya kira.

"Ya tashi?"

"Ja ɗaya, Oga."

"Madalla. Buhu ya share?"

"Tas, Oga."

Ba za a ce Khalilu bai damu ba. Ya ƙudura a ransa gobe da sassafe zai ari keke ya je gonar ya gyara. Da gari ya waye ya tuna hanyar gonar Baba Mati ta ratsa ta gonakin sauran 'yan ƙungiya, kuma kowa zai tambaye shi abin da ya kawo shi da sifana a hannu. Ya ce sai da azahar, lokacin da mutane suka shiga inuwa. Da azahar aka kawo masa kafireto biyu. Da yamma ya gaya wa kansa cewa tunda ba a dawo da injin ba, wataƙila sandar ta zauna daram ba za ta motsa ba. Kwana na biyu ma haka ya wuce.

Tun da ɗanta ya dawo daga tsare, Hure ba ta wanke masa tufa sai ta laluba aljihunsa. Ba zarginsa take yi ba. Tsoro take ji kada wani abu na mutane ya biyo shi gida a ce ya koma halinsa na da. A safiyar da Malam Ja'afaru ya dawo, ta sami ɗan zoben a wandon aikinsa. Ba ta san ko mene ne ba. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta biya ta rumfar a kan hanyarta ta kasuwa. Ta tarar an aiki Khalilu sayen fetur. Ta durƙusa ta yi wa Malam Ja'afaru ta'aziyya, sannan ta kwance ƙullin.

"Malam, ga wani ɗan ƙarfenku na gani a aljihunsa. Na ce bari in kawo, kada a neme shi a rasa a ce ɗauka ya yi. Mantuwa ce, wallahi ba ya ɗauke-ɗauke yanzu."

Malam Ja'afaru ya juya ƙarfen a tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Kin kyauta, Hure. Ba sata ba ce. Je ki kasuwarki." Ya saka shi a aljihun rigarsa.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga Baba Mati, da injin a bayan babur, fuskarsa ba walwala. Ya ce jiya da yamma injin ya fara wata ƙara, ya yi hayaƙi, ya tsaya cak. Igiyar ma ta ƙi jawuwa. Ya zaga maƙwabta neman aro, kowa nasa yana kan aiki.

Khalilu ya dawo da galan ɗin fetur ya tarar da su. Malam Ja'afaru ya ce wa Baba Mati ya zauna, ya kira yaron bayan rumfa inda ba mai jin su.

"Khalilu, kafin in buɗe injin nan, akwai abin da kake so ka gaya mini? Duk abin da ka faɗa a nan, tsakanina da kai ne. Ni ma na lalata injin mutane ina yaro, ba ɗaya ba, ba biyu ba."

"Babu komai, Oga. Lafiya lau na ba shi."

"Ka tuna da kyau. Aiki ne mai ƙananan abubuwa, ga mutane a kanka suna surutu. Kowa zai iya mantuwa."

"Ban manta komai ba."

"Buhu ya share?"

"Na gaya maka a waya, Oga. Tas."

Tsohon ya gyaɗa kai, suka dawo cikin rumfa. Kafin ya ɗauki sifana, Khalilu ya riga shi magana. Ya ce, "Baba Mati, ko dai man bakin titi ka zuba masa? Yanzu gauraya shi suke yi. Ko kuma ka bar shi ba baƙin mai."

Baba Mati ya miƙe tsaye. "Ni? Shekara tara ina riƙe da injin nan, ban taɓa tayar da shi ban duba mai ba. Yaro, ka dubi furfurata ka ce ni na kashe abin da nake ci da shi?"

Malam Ja'afaru ya shimfiɗa buhu ya warware injin a gabansu. Da ya zaro fistan, sai ga sandar ta leƙo ta gefe ɗaya. Ya haska fitila cikin silinda. Sandar ta karce shi ta yi masa rami mai zurfi daga sama har ƙasa. Ya nuna wa Khalilu gurbin da ba kilif.

"Karyewa ya yi," in ji Khalilu. "Kayan yanzu ba su da ƙarko. Ya karye ya faɗa ciki."

Malam Ja'afaru ya sa hannu a aljihu, ya ciro ɗan zoben, ya ajiye shi a tsakiyar farin buhun, lafiyayye ko lanƙwasa babu.

"Innarka ce ta kawo shi da safe," in ji shi. "Tsoro take kada a ce ka yi sata."

'Yan acaɓar da suka taru suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Baba Mati ya dubi ƙarfen, ya dubi yaron, ya koma ya zauna.

Malam Ja'afaru yana da wani tsohon silinda da ya daɗe yana ajiya, ya ce zai sa wa Baba Mati. Amma sai da aka aika Kano aka nemo fistan da zai dace da shi, kuma hakan ya ci kwana biyar. A kwanakin nan Baba Mati da iyalinsa suka yi ta ɗibar ruwa da bokiti suna bin kunya-kunya. Abin da suka iya kaiwa ya tsira. Fiye da rabin gonar ya zubar da fure ya bushe.

Malama Dokas ta zo rumfar kwana biyu kafin taro. Ta zauna a kan benci ta daɗe tana roƙo. Ta ce yaro ne, ta ce ya duba inda ya fito, ta ce in ya rasa wannan ba ta san inda zai faɗa ba.

"Malama, kilif ba komai ba ne," in ji Malam Ja'afaru. "Da a waya ya ce mini ya ga ƙarfe a buhu, da na ce ya hau keke ya bi mutumin, shi ke nan. Da a bayan rumfa ya faɗa, da na rufa masa asiri na ce laifina ne da na bar masa aikin. Sau uku ina buɗe masa ƙofa. Ƙarshe ma sai ya juya wa dattijon laifin. A fadama shi kaɗai zai zauna, da injinan mutum arba'in, ba ni a kusa. In na ce na tsaya masa, na yi musu ƙarya."

"To ba wata hanya?"

"Akwai. Ya je ya ba Mati haƙuri a gonarsa. Ya dawo nan ya ƙara shekara ɗaya. In bakinsa ya koyi abin da hannunsa ya koya, baɗi ni da kaina zan nema masa wuri. Ban kore shi ba."

Malama Dokas ta kai wa Khalilu wannan saƙo a gida. Hure tana gefe tana jin su. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Dama tsohon nan ba ya so in wuce shi. Kuma da Inna ba ta shiga aljihuna ba, da duk wannan bai faru ba."

"Da injin bai mutu ba?" in ji Malama Dokas.

Ya tashi ya fice daga gidan. Bai kuma je gonar Baba Mati ba.

Ranar taro manoma suka hallara a ƙarƙashin bishiyar mangwaro da ke bakin fadama. An riga an kafa rumfar, sabon akwatin kayan aiki yana ajiye a ciki. Khalilu ya zo ya tsaya daga baya, yana ganin ko tsohon zai sauya magana a gaban jama'a. Shugaban ƙungiya ya yi addu'a, sannan ya ce, "Malam Ja'afaru, wata shida ya cika. Ka tsaya wa yaron nan?"

Malam Ja'afaru ya miƙe a hankali. Ya ce, "Shekara arba'in ina wannan aiki, ban koyar da mai hannu kamarsa ba. Nan gaba kaɗan zai fi ni. Amma bana ba zan tsaya masa ba."

Ya zauna. Ba wanda ya tambaye shi dalili, domin duk wanda ya zo taron ya wuce ta gonar Baba Mati ya gani. Kafin mako ya zagayo suka ɗauko wani makanike daga wani gari, mutum mai sanyin hannu wanda yake kwana biyu a kan aikin awa uku. Shi aka ba mukullin rumfar.

Khalilu bai koma wurin Malam Ja'afaru ba. Ya ce ba zai iya wucewa ta gaban 'yan acaɓar nan ba. Ya ɗauki jakarsa ya tafi Bacirawa, a bakin birnin Kano, ya samu aikin lodi a wani gidan buga bulo.

Bayan wata takwas Malama Dokas ta je Bacirawa duba wani yaro, ta nemi gidan bulon ta same shi. Ya rame, tafin hannunsa duk ya tsattsage da siminti. Suna cikin gaisawa injin da ke juya na'urar bulo ya yi tari ya mutu. Ma'aikata suka tsaya cirko-cirko. Mai wurin ya fito yana faɗa, yana neman lambar makanikensa a waya.

Khalilu ya matsa kusa, ya ce, "Alhaji, in ka ba ni sifana zan tayar maka da shi yanzu. Aikina ne, na koya."

Mutumin ya dube shi. "A wurin wa ka koya?"

"A Bagwai."

"Ba gari na tambaye ka ba. Wane ne ubangidanka? Ba ni lambarsa in kira shi. In ya ce ya tsaya maka, ga inji nan."

Khalilu yana da lambar a kansa. Ya kasa bayar da ita, Malama Dokas tana kallonsa. Mai wurin ya jira kaɗan, sannan ya juya ya ci gaba da kiran makanikensa.

"Kai, mota tana jira," in ji direban da ake yi wa lodi.

Khalilu ya koma ya sunkuya, ya ɗauki bulo biyu ya ɗora a kai.

Darasin wannan labari na matasa ne, musamman waɗanda suka taɓa yin tuntuɓe aka ba su dama ta biyu. Iya aiki da hannu rabin sana'a ne. Ɗaya rabin shi ne a iya barin ka kai kaɗai da kayan mutane hankali a kwance, kuma wannan ba ya samuwa sai ga wanda in ya yi kuskure zai faɗa tun ana iya gyarawa. Babu ma'aikacin da ba ya mantuwa, kuma iyayen gida na gari sun san haka, shi ya sa suke yafe kuskure. Abin da ba sa iya ɗauka shi ne a ɓoye shi, a musa, a ɗora wa wanda aka cuta. Kunyar cewa "na yi kuskure" ta ɗan lokaci ce, amma wanda ya guje mata yakan rasa aikin da kuma mutumin da zai tsaya masa. Iyaye da masu koyar da sana'a su ma su lura: yaron da aka saba dukansa duk ranar da ya faɗi gaskiya zai koyi ɓoyewa, don haka a koya wa yara faɗin kuskurensu kamar yadda ake koya musu riƙe sifana.